Neman shawara: kujerun jirgin ƙasa daga Madina zuwa Makka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. In Allah ya yarda zan raka mahaifiyata Umara, kuma muna so mu hau jirgin Haramain daga Madina zuwa Makka. Tana fama da ciwon gwiwa, ba ta iya daɗewa ƙafarta a lanƙwashe. Shin in ƙara kuɗi mu shiga ɓangaren manya, ko na gama-gari ya wadatar? Kuma bakin taga ya fi mata ko bakin hanya?

Amsar wani dattijo daga Kano:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka miki da alheri. Nisan ya kai kilomita 450, amma da yake jirgin yana gudun kilomita 300 a awa, tafiyar ba ta cika wuce awa biyu da rabi ba. A ɓangaren gama-gari kujeru huɗu ne a kowane layi, biyu dama biyu hagu, a na manya kuwa uku ne, biyu a gefe guda, ɗaya ita kaɗai a ɗaya gefen, shi ya sa suka fi faɗi kuma akwai sararin miƙe ƙafa. Saboda gwiwar nan, ni dai na fi son ki biya ƙarin. Sai dai kada ki zaɓa mata kujerar nan mai zaman kanta, ku ɗauki biyun da ke haɗe domin ki riƙa kama ta idan za ta tashi.

Amsar wata 'yar'uwa daga Zariya:
Baba ya faɗi gaskiya, amma idan kuɗin ya yi nauyi, na gama-gari ma ba shi da matsi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ta zauna bakin hanya, kusa da ƙofa da banɗaki, don kada ta riƙa tsallake ƙafafun mutane. Ki guji kujerun da suke fuskantar juna, domin gwiwarta za ta riƙa haɗuwa da ta wanda ke gabanta.

Amsar wani malami:
Tunda daga Madina za ku taso, miƙatinku Zul Hulaifa ne, kuma jirgin ba ya tsayawa a can. Ku yi wanka, ku kammala shiri tun a masauki, ta yadda niyya da talbiyya kaɗai za su rage muku a kan kujera.