Neman shawara: Ana son a ɗauke min yaro zuwa akadamin ƙwallo mai kwana, hankalina ya ƙi kwanciya

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman daga iyaye da waɗanda suka san harkar ƙwallo daga ciki.

Yarona shekararsa 13, yana aji biyu na ƙaramar sakandare a nan Kano. Tun yana firamare yake zuwa akadamin ƙwallo ta unguwarmu, a filin makarantar gwamnati suke atisaye bayan la'asar. Kocin ɗan unguwa ne, mun san gidansu. Shi yake jan su sallar magariba kafin su watse, kuma duk yaron da ya yi fashin makaranta ko Islamiyya ba ya taka leda a wannan makon. Yaron nan da can kunya ta yi masa yawa, ko kanti aka aike shi sai ya tsaya a bakin ƙofa. Yanzu shi ne kyaftin ɗin sa'o'insa, shi yake tara kuɗin ruwa, shi yake raba ƙanana in sun kaure da faɗa.

A gasar hutun da ta wuce wani mutum ya gan shi, ya ce yaron yana da ƙafa. Ya ce yana da akadami mai kwana a wata jiha, a ba shi shi. Za mu riƙa biyan kuɗi duk shekara, maganar makaranta ya ce za a duba, ya ce a sake takardar haihuwa a rage masa shekara biyu, kuma kafin ya cika 16 zai kai shi gwaji Turai. Mahaifinsa ya amince, kullum zancensa Ahmed Musa. Na ce a dakata, yaron ko abinci ba ya ci sosai. Tsorona kada in zama ni ce na tare masa arzikinsa. Me kuka gani?

Wani tsohon koci daga Kaduna:
Wa alaikumus salam Hajiya. Tunda maigidan ya kawo Ahmed Musa, mu bi hanyarsa mu gani. A Jos ya taso, a akadamin GBS. Daga nan ya buga wa ƙungiyar JUTH ta Jos, sannan Kano Pillars, inda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya fi kowa a gasar ƙasa. Ƙungiyar VVV-Venlo ta Holan ta saye shi a 2010, amma sai da ta jira ya cika shekara 18 a watan Oktoba kafin ya buga mata. Wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Najeriya a lokacin ke nan, doka ba ta ɗaga masa ƙafa ba.

Dokar FIFA ta hana a sauya wa yaron da bai kai 18 ba ƙungiya daga wata ƙasa zuwa wata. Akwai 'yan togaciya, kamar idan iyaye ne suka koma ƙasar da zama saboda wani dalilin da ba ƙwallo ba, ko tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai daga shekara 16. Babu ko ɗaya da ya shafi ɗanki. Ki kuma lura da lissafin mutumin: in an rage wa yaro shekara biyu, a takarda ya koma 11, ranar da zai halatta ya fita ta ƙara nisa ke nan. To da wace takardar zai kai shi Turai nan kusa? Maganarsa tana karo da juna. Yaran da aka fitar ta irin wannan hanya da bizar yawon buɗe ido, da yawa a ɗakin otal ake barinsu, biza ta ƙare, kunya ta hana su kiran gida saboda an sayar da fili ko an ci bashi a kansu.

Wata malamar sakandare:
'Yar'uwa, ni maganar shekarun ce ta tsaya min. Yanzu sai da lambar NIN ake rajistar JAMB, ita ake bi wajen fasfo da banki. In takardar haihuwa ta saɓa da ta makaranta, yaro zai yi ta yawon gyara da rantsuwar kotu har girmansa. Kuma ba ta ma tsirar da shi a ƙwallon. Tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 da aka yi a nan Najeriya a 2009, wadda Kano ma ta karɓi wasanni, ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI don tantance shekarun 'yan wasa. A 2016 'yan wasanmu 26 suka faɗi wannan gwajin, Nijar ta fitar da mu a wasannin share fagen gasar Afirka ta 'yan ƙasa da 17. Abin da ya fi damuna, yaron da yake raba faɗa da gaskiya za a zaunar a ce masa daga yau ga shekarar da za ka riƙa faɗa. Darasin farko da sabon wurin zai koya masa ke nan.

Wani matashi, ɗan ƙwallo:
Umma, a yi min afuwa, ni ina ganin ana tsorata ki da yawa. Akadamin unguwa tarbiyya ce, na yarda, amma masu neman 'yan wasa ba sa zuwa filin ƙasa na bayan gari. Akwai yara a unguwanni da suka fi waɗanda muke gani a talabijin, sun ƙare a tuƙin adaidaita saboda ba wanda ya gan su. Mohammed Kudus, ɗan ƙwallon Ghana, da ya zauna a unguwarsu da wa zai san shi? A ƙi rage shekarun, amma a bar yaro ya gwada.

Wani mazaunin Nima, Akara:
Ƙanena, Kudus ɗan unguwarmu ne, kuma gaskiya ne yana wajen shekara 12 ya shiga akadamin Right to Dream. Sai dai ka faɗi sauran. Wurin makaranta ce sosai, da azuzuwa da malamai da jarrabawa, kuma yaran da suka zaɓa ba sa biyan ko kwabo, su suke ɗaukar nauyinsu. Wasu ɗalibansu ma karatu suke tafiya Amurka. Kudus bai fara buga wa Nordsjaelland ta Denmak ba sai 2018 da ya cika 18, daga nan Ajax ta Holan a 2020. Ba kwana a akadami ne laifi ba. Amma wanda yake da yaƙinin yaro zai kawo kuɗi gobe ba ya tatsar uwarsa yau, kuma ba ya cewa makaranta za a duba.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Maman yaro, ki dubi jikinsa ma. Shekara 13 lokacin miƙewa ne, ƙashi yana tsawo da sauri, jijiyoyi suna ɗaurewa, shi ya sa yaran ƙwallo suke yawan kukan ciwo a ƙasan gwiwa ko a diddige. Hutu yake so da rage atisaye. A gida ke za ki ga yana ɗingishi ki hana shi fita. A can wa zai gani? Inda babu mai kula, ƙwaya ake miƙa wa yaro ya danne ciwon ya buga, tun daga maganin ciwon jiki har ta kai ga tramadol, wadda hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta a gasa tun Janairun 2024. Ki tambaya me suke ci, sau nawa a rana, ƙarfe nawa suke atisaye a zafin Maris da Afrilu, yaya suke yi da azumi. Ki kuma tambaya su wa suke kwana ɗaki ɗaya da ƙananan. Kada kunya ta hana ki wannan tambayar, ɗan shekara 13 ba ya kwana cikin samari 'yan ashirin ba tare da babba amintacce ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sa ƙanena ya kira mutumin. Ya ce ba a barin iyaye su shiga kam saboda yana raba hankalin yara, sai dai a zo ranar wasa. Da aka tambayi sunan makarantar da yaransa suke zuwa, sai ya ce akwai malamin da yake leƙo su. Yanzu damuwata yadda zan fahimtar da mahaifinsa ba tare da abin ya zama gardama ba, da kuma shi yaron.

Wani dattijo:
'Yata, kada ki tunkari maigidanki da cewa an yaudare shi, namiji ba ya son jin haka a gaban iyalinsa. Son ɗansa ne ya sa shi, kamar yadda ya sa ki. Ki roƙe shi abu ɗaya: kafin a biya ko sisi, shi da wani babba a dangi su je wurin ba tare da sanarwa ba, su ga makwanci da kicin, su nemi iyayen yara biyu ko uku da suka daɗe a can. In an hana shi shiga, da kansa zai dawo da amsar.

Sannan ku kira kocin unguwar nan gida, a ba shi ruwa, a zauna da yaron. Mutumin da ya riƙe muku ɗa shekaru bai kamata a yanke magana a bayansa ba, kuma yaron zai fi jin ta bakinsa a yanzu. Ni a ganina abin da ɗanki ya samu a filin nan ba ƙarami ba ne. Mai shayi ya san shi, liman ya san shi, in ya kauce akwai bakin da zai kai miki labari kafin dare. Kano kuma ba ƙauyen ƙwallo ba ce da za a ce sai an fita, Pillars ta lashe gasar lig ta ƙasa a 2008, ta jera uku daga 2012 zuwa 2014.

Tsohon kocin Kaduna:
Baba ya faɗi gaskiya. Shi ma matashin can yana da tasa, yaro yana bukatar a gan shi, sai a yi masa hanyar daga gida. Hajiya, a tambayi kocin ko akadaminsa tana da rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, ko kuma sunan yaron yana cikin rajistar da ainihin shekarunsa. Wannan yana buɗe masa gasannin matasa na jiha, kuma a dokar FIFA ƙungiyar da ta horar da yaro tun daga shekara 12 tana da haƙƙin kuɗi in ya zama ƙwararre, don haka unguwar ma za ta amfana. In babu rajistar, iyayen yaran ku haɗu ku taimaka masa ya yi. A riƙa ɗaukar wasanninsa a waya ana adanawa. In an ji gwaji na wata akadami sananna mai makaranta, mahaifinsa ya kai shi da ƙafarsa lokacin hutu, ya dawo da shi. Shi kuma yaron a faɗa masa a fili cewa ba a hana shi ƙwallo ba, a sa masa lokaci: in ya gama jarrabawar aji uku, za a sake zama a kan maganar.