Wace amfilifaya ce za ta ishi jita a gaban ganguna?

Ɗan Samaru: Salamu alaikum. Ina neman amfilifayar jita, wato na'urar ƙara mata sauti, mai sauƙin kuɗi wadda ganguna ba za su danne ta ba a wurin biki. Wat nawa ya kamata?

Na Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, wat 10 ko 20 mai sifika inci 8 ta ɗaki ce kawai. Nemi wat 50 zuwa 100 mai sifika inci 12, kamar Boss Katana 50. Ninka wat desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙarfin sauti, wato ɗan ƙari ne kaɗan, don haka ka fi kula da sifikar. Ka ɗora ta kan kujera ta fuskanci kunnenka. In fili ne, sa mata makirufo a gaba, a haɗa da manyan sifikun taron.

Malam na Sabon Gari: In ta hannu ce, karanta bayanta kafin ka jona. Ta Amurka wutar 120 take ci, tamu 230 ce, nan take za ta ƙone in babu taransifoma mai rage wuta. Da janareta kuma sai da sitabilaiza. Ka murɗa kowane maɓalli, in yana ƙarar-ƙarar ƙurar hunturu ce, ana iya tsaftacewa. Amma in sifikar na kakari da ka ƙara murya, bar musu kayansu.

Na Kongo: Kada a jona jitar bes, wato mai kaurin sauti, a cikinta, tana iya yaga sifika.