Me ke kashe mata a sashen ciwon mata, ban da haihuwa?

Ɗaliba_Tawa: Salamu alaikum malamaina. A makaranta ana yawan koya mana abin da ke kashe mace wajen haihuwa. To waɗanda aka kwantar a sashen ciwon mata fa, me ya fi ɗaukar ransu, kuma a wane lokaci?

Sazfam_Yamai: Wa alaikumus salam ƙanwata. Masu mutuwa a kwana ɗaya ko biyu na farko, galibi jini ne ko ruɓar mahaifa. Mafi yaudara shi ne cikin da ya zauna a bututun ƙwai. Yakan fashe tsakanin sati 6 zuwa 10, jinin ya taru a cikin ciki, a zane kuwa ɗan ɗigo kawai za ki gani. Duk macen da ta zo da ciwon mara gefe guda, jiri ko suma, a yi mata gwajin fitsari na ciki ko da ta ce ba ta yi ɓatan wata ba. Kada tansiyo (awon ƙarfin jini) ya ruɗe ki: budurwar mace tana iya zubar da kusan kashi 30 cikin 100 na jininta kafin ya faɗi. Ki duba bugun jijiya, in ya haura 100 ga tafin hannu fari fat da gumi mai sanyi, a sa allurar serom babba a hannu biyu, a ɗaura ruwan serom na Ringer, a nemi jini, a kira mai tiyata. Ba a jiran layin ekografi, wato hoton ciki.

Lokotoro_Adar: Malama ta faɗi gaskiya. Na biyu shi ne ɓarin da bai fita duka ba, ko cikin da aka taɓa a ɓoye. Ragowar ta ruɓe, zazzaɓi da wari su biyo, ƙwayoyin cuta su shiga jini. Magani: ampisilin giram 2 ta jijiya kowace awa 6, jantamisin miligiram 5 a kowane kilo na nauyin jikinta sau ɗaya a yini, metronidazol miligiram 500 kowace awa 8, sannan a wanke mahaifa da AMIU (sirinjin hannu mai zuƙo ragowar) ba tare da ɓata lokaci ba. Inda ake kuskure, a ba da allurai a bar ragowar a ciki. A sa robar fitsari. In fitsarin ya yi ƙasa da mililita 30 a awa, ƙoda ta fara gazawa, jantamisin ma sai da hattara.

Malama_Kansa: Ɗiyata, waɗanda ke daɗewa a gado kuwa, sankarar (kansar) bakin mahaifa ce kan gaba, kuma ita ta fi ƙona mini rai domin tana ba da lokaci mai tsawo. Ƙwayar cutar HPV, da ake ɗauka ta saduwa, ke kawo ta, nau'i na 16 da 18 su ke da kusan kashi 70 cikin 100, kuma takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama kansa. Mace ta ga jini bayan kwanciya da miji, ko bayan al'ada ta ɗauke, ko ruwa mai wari, sai a ce sanyi ne, a rubuta mata maganin matsi wata da watanni ba wanda ya sa sifekulum (abin buɗe farji) ya leƙa bakin mahaifa. Bututun fitsarin da ke saukowa daga ƙoda suna wucewa kamar santimita 2 daga bakin mahaifa, ciwon ya matse su, fitsari ya koma baya, ƙoda ta tsaya. Wasu kuma jini ke ƙare musu sannu a hankali. Gwajin gano ta tun kafin ta zama kansa kuwa ruwan binegar ne mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5: a shafa a bakin mahaifa, a jira minti ɗaya, in wurin ya yi fari, kuma bai riga ya yi kama da kansa ba, ana iya ƙona shi ranar nan. Cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai ta fara gashin haske (ƙona kansa da hasken na'ura) tun 2021, amma wadda ta iso ƙafafu a kumbure, ba fitsari, sai an fara ceto ƙodar tukuna.

Sazfam_Yamai: Na manta da cikin mol, cikin da ya lalace, mai fitowa ƙulli-ƙulli kamar inabi. Bayan wankin mahaifa a riƙa auna hCG, sinadarin ciki da ke cikin jini, har ya sauka, ta ɗauki tsarin iyali a lokacin. In ya ƙi sauka ko ta fara tari da jini, a tura ta Yamai, maganin kansa metotireksat na warkar da mafi yawansu.