Ina so in kai iyali su ga namun daji a hutun Disamba, ta ina zan fara?

Mai tambaya, daga Tawa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamin makaranta ne a nan Tawa. Yarana suna karanta labarin giwa da raƙumin dawa a littafi, amma abin da suka taɓa gani bai wuce biri a hannun mai wasa ba. Na ɗan tara kuɗi, ina so a hutun ƙarshen shekara mu zaga: gandun dajin W, raƙuman dawa na Kure, in hali ya yi mu haura duwatsun Ayar. Motata ƙarama ce, kuma akwai uwargida da goyo. Waɗanda suka san wuraren nan, me za ku ce mini?

Tsohon ma'aikacin gandun daji, Yamai: Wa alaikumus salam Malam. Cire W daga lissafinka tukuna. Ba don wurin bai cancanta ba. Tun 1954 aka keɓe shi, ɓangaren Nijar kaɗai ya kai hekta dubu 220, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996. Ana shiga ta Tapowa, wajen kilomita 150 kudu da Yamai, bayan an wuce Sayi da Tamu. Da can, in rani ya yi ruwa ya janye, kana zaune kusa da kogin Tapowa ko Mekuru za ka ga giwaye da ɓauna da gwanki suna saukowa sha, mai sa'a har zaki yake gani. To amma shekarun nan 'yan bindiga sun samu mafaka a dajin, ta ɓangarenmu da na Benin da na Burkina duka, har ma'aikata sun rasa rayukansu. Ba wurin kai mace da goyo ba ne yanzu. Duk wanda ya ce maka ya san wata hanya ta baya, ka gode masa ka wuce.

Direban kar, layin Tawa zuwa Yamai: Malam, Kure kan hanyarka take, ba sai ka karkata ba. In ka bi Konni, Dogon Dutsi, Doso, saura kamar kilomita 60 ka shiga Yamai za ka iske ta. Mu kanmu wani lokaci muna taka birki su tsallaka kwalta.

Tsohon ma'aikacin gandun daji: Gaskiya ne, sai dai a Disamba ba lallai ya same su bakin kwalta ba. Da damina suke zama kan tudun Kure. In kaka ta wuce sukan gangara kwarin Dallol Boso, wajen Harikanasu, saboda gawo, shi da yake fitar da ganye lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Shi ya sa dole ka ɗauki ɗan jagora na wurin, su ne suka san inda garken ya kwana. Kuma ka gaya wa yaran abin da suke kallo: irin wannan raƙumin dawa a Nijar kaɗai ya rage a duniya. A 1996 guda 49 aka ƙirga, daga baya suka haura 600. Babu shinge, cikin gonakin mutane suke yawo, suna cin waken manoma, manoman na ta haƙuri.

Wata uwa, unguwar Talaje: Ku dai ku faɗa masa duka. A Kuren nan ne aka kashe Faransawa 6 da 'yan Nijar 2 a watan Agusta na 2020, aka rufe wurin. Ni ban ce kada ya je ba, amma ya fara tambayar ma'aikatan gandun daji da jandarmomi kafin ya bar kwalta. Su ce a shiga, ya shiga da safe ya fito kafin azahar. Su ce a'a, ya wuce Yamai kawai. Gidan tarihi na Bubu Hama yana nan, akwai zaki da dorina da kada, ga ƙasusuwan manyan dabbobin da da aka tono a yankin Agadas, ga kututturen itacen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai cikin hamada, da mota ta kaɓe a 1973. Yara ƙanana ma sun fi jin daɗin nan, don ba a ce musu su yi shiru.

Ɗan Agadas mazaunin Tawa: Yallaɓai, Ayar ba a haɗa ta da wata tafiya. Daga Tawa zuwa Agadas kilomita 400 ne da ɗoriya, kuma ka san halin hanyar. Daga Agadas zuwa garin Timiya da ke cikin Ayar kuma dutse ne da rairayi, sai katkat, wato mota mai jan ƙafa huɗu, da direban da ya san ƙasar. Ƙaramar motarka ko bakin hanyar ba za ta kama ba. Sannan kada ka je da tunanin ganin garken dabbobi. Keɓaɓɓen yankin Ayar da Tenere ya wuce hekta miliyan 7, barewa da ragon dutse sun watsu a ciki, kana iya wuni ba ka ga ko ɗaya ba. Abin kallo a can ƙasar ce kanta: baƙaƙen duwatsu, ka sha kwana sai ga lambunan Timiya da rumman da lemu da dabino, ga ruwa na zubowa daga kan dutse. Sanyin Disamba kuwa a can ba na jariri ba ne. Ka bari yaran su ƙara girma, ku haɗa kuɗi da wani gida ku ɗauki mota guda.

Ɗaliba a jami'ar Tawa: Malam, har ka manta da na ƙofar gida? Tabkin Tabalak kilomita 50 ne kacal kan hanyar Abalak. Lokacin sanyi tsuntsaye masu ƙaura daga Turai suna sauka a can, ga masunta, ga masu lambu. Ku tafi da safe, ku ci kifi, ku dawo kafin magariba.

Wani daga Dakoro: Ba wanda ya ambaci gandun dajin Gadabeji. A 2018 an kawo mana raƙuman dawa 8 daga Kure. Amma daga Dakoro rairayi ne, nan ma sai katkat.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun yi shawara da uwargida. Tabalak za mu fara ranar wata Asabar, mu ga yadda yaran za su jure mota. Sannan Yamai, mu sauka gidan ƙanena, mu ga gidan tarihi. Kure kuma sai abin da hukuma ta ce. Baba na gandun daji, kuɗin ɗan jagora a wurin ake biya ko sai an yanki takarda tun daga Yamai?

Tsohon ma'aikacin gandun daji: Kafin a rufe wurin dai, can bakin hanya ake biya, wurin 'yan jagorar, kuma ka riƙe canji don ba kullum suke da shi ba. Ka bar wa jagoran kujerar gaba, cikin motarka zai shiga. Ku ɗauki ruwa da yawa, kuma kada yaro ya ruga wajen raƙuma mai ɗa, harbi take yi.