Abin da aka tattaro kan yara masu son zane

Jama'a maganar nan da ake ta yi kan abin da ke sa yara son zane da yadda iyaye za su bi da su ta yi tsawo sosai, ga abin da na tsinto:

1. Kusan kowa ya yarda daga gida abin yake farawa. An kawo misalin Picasso, fitaccen mai zane ɗan Sifen, wanda babansa malamin zane ne a garin Malaga, shi ya fara koya masa tun yana ƙarami, haka Ben Enwonwu na Onitsha, fitaccen mai zane da sassaƙa na Najeriya, babansa masassaƙi ne. Mu nan kuma wasu sun ce zayyanar allon sauka ce ta fara jan hankalinsu, wasu zaman kallon mai lalle, wasu adon bangon tsofaffin gidajen Zariya.

2. Jinya ma tana tura mutum ga zane. Frida Kahlo, fitacciyar mai zane ta Meziko, ta yi shan inna tana shekara 6, bayan hatsarin bas a 1925 tana kwance aka sa mata madubi saman gado ta riƙa zana kanta.

3. Iyaye, in yaro ya ɓata bango da gawayi don Allah kar a doke shi, a sayo masa takarda da fensir da kala, kuma a riƙa ajiye abin da ya zana. Wallahi wannan ya fi taɓa ni, don mutane da yawa sun ce bulala ce ta raba su da zane.

4. Inda aka rabu: zanen abu mai rai. Wasu sun ce a karkatar da yaro ga zayyana da furanni da gine-gine, wasu sun ce a tambayi malamai tukuna.

5. A kai yaro wurin gwani da wuri ko a bar shi ya yi ta wasansa, nan ma ba a daidaita ba.