Gajeren fim ɗin jaririn nan mai kamawa da wuta: yaya yaranku suka karɓe shi?

Uwar ƴaƴa huɗu, Birni

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Jiya bayan isha'i ƙanena ya zo da wayarsa ya haɗa wa yara wani gajeren fim na zane a tele, bai wuce minti 5 ba. Sunansa Jack-Jack Attack, na kamfanin Pixar ne, ya fito a 2005, shekara ɗaya bayan babban fim ɗin iyalin jaruman nan da muka fi sani da sunansa na Faransanci, Les Indestructibles. Uwar ta yi tafiya, ta bar jaririnta a hannun wata yarinya ƴar raino, ba wanda ya san yaron na da wata baiwa. Yarinyar na sa masa kiɗan Mozart sai abu ya tashi: ya ɓace nan ya ɓullo can, ya tashi sama, ya ratsa bango. Ta nuna masa kati mai hoton wuta, sai jikinsa duka ya kama da wuta, ta ɗauke shi da awartaki ta tsoma a bahon wanka.

Mazan nawa biyu har birgima suke a tabarma don dariya. Babbar ƴata kuwa, mai shekara 11, wadda ke goya mini auta tun yana wata uku, ko murmushi ba ta yi ba. Ta ƙura wa yarinyar ido, yadda gari ya waye mata a zaune, idanu sun yi zuru-zuru, abin kashe gobara a hannu, ga madubi tana kare hasken da ke fita daga idon jaririn. A ƙarshe wani jami'i ya goge mata tunanin duk abin da ya faru. Da aka kashe tele sai ƴata ta ce, "Inna, shi ke nan ba wanda zai ce mata sannu?" Wallahi maganar nan ta hana ni barci. Shi ya sa nake so in ji ko wani ya kalla da nasa yaran, da abin da suka ce.

Ɗan kabu-kabu, Zango

Wa alaikumus salam Hajiya. Mu da kakarmu muka kalla, a waya, muna kewaye da ita. Jaririn na ratsa bango ta ja da baya ta ce, "A'uzu billahi, wannan ai ɗan ruwa ne, a kai shi wurin malam!" Muka yi ta yi mata bayani cewa zane ne. Ta ce ta sani, ba yarinya ba ce ita, amma duk wanda ya zana wannan ya taɓa renon ɗa mai ƙiriniya. Sai da ta sa aka maimaita mata sau uku.

Malamin lakwal, Garin Malam

Hajiya, abin da ƴarki ta faɗa bai ba ni mamaki ba, don na ga irinsa a aji. Na nuna wa ɗalibaina na CM1, wato aji biyar na firamare, shi wata Juma'a, a kwamfutar da na aro, na ɗora ta a kan tebur bisa wasu littattafai don na baya su hango. Da Faransanci yake, kuma yarinyar tana zuba magana da sauri, rabin ajin ba su kama abin da take cewa ba. Amma ba wanda ya ce in fassara. Hoton ya wadatar.

Da ya ƙare na tambaye su, wane ne jarumin fim ɗin? Maza suka ɗauka da ihu, jariri ne, mushe, jariri! Ƴan matan suka yi tsit. Sai wata da ke zama can layin ƙarshe, wadda kusan kullum takan iso bayan an shiga aji, ta ɗaga hannu ta ce yarinyar ce. Na ce don me? Ta ce shi jaririn bai san abin da yake yi ba, ita ce ta ga wuta ba ta gudu ba. Daga nan baki ya buɗe. Wata ta ba da labarin ranar da ƙanenta ya haɗiye dala biyar uwarsu tana kasuwar Dole. Wata ta ce da goyo a baya take zuwa layin famfo da asuba, ta jera bidonta, kafin ta zo lakwal. Wadda nake yi wa faɗan makara tun farkon shekara, ranar na san dalilinta, kuma na ji nauyin faɗan da na sha yi mata. Yanzu idan ta makara nakan tambaye ta lafiyar ƙanen nata kafin komai.

Uban yara, Sabon Gari

Ni kam ban ji daɗinsa ba, kuma ina so iyaye su ji dalili. Lokacin sanyi ne, akwai kaskon garwashi a ɗaki. Kwana biyu bayan sun kalla, matata ta tarar da yaronmu mai shekara 5 ya ɗauko ashana yana ƙyastawa kusa da ƙafar ƙanensa, wai yana so ya ga ko shi ma wuta ba ta ƙona shi. Allah ya kiyaye, ko gashi bai taɓa ba, amma har yau idan na tuna gabana faɗuwa yake. A fim ɗin yaron ya kama da wuta yana dariya, an tsoma shi a ruwa ya fito sumul. Mai shekara 5 bai san inda zane ya tsaya ba. Ban ce a hana ba, amma kada a miƙa wa ƙaramin yaro waya a tafi kicin.

Uwar ƴaƴa huɗu, Birni

Subhanallah. Allah ya ƙara tsarewa Alhaji. Yau ɗin nan zan ɗauke ashana daga inda nake ajiye ta.

Tsohon ma'aikaci mai ritaya, Tudun Jamus

Ƴaƴana, ku bar ni in sa baki. Jikokina sun nuna mini shi, na yi dariya, aikin ya yi kyau ƙwarai. Da ɗaya daga cikinsu ya ce ai irin wannan sai Turawa, sai na zaunar da su. Na ce ƙasar nan tamu ta Nijar ta haifi Moustapha Alassane, an haife shi a 1942, ya rasu a 2015, ya daɗe yana zaune a Tahoua, kuma yana cikin na farkon da suka yi fim ɗin zane a Afirka. A 1966 ya yi Bon Voyage Sim, labarin wani kwaɗo shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, da hannu ya zana shi. Daga baya ya yi Kokoa da ƴan tsana, inda dabbobi ke shiga fili suna kokowa irin tamu. Na sa babban jikana ya nemo mana shi a intanet. Da suka ga kwaɗi sun kama juna, ƙaramin ya miƙe yana yi musu kirari kamar muna filin kokowa na Langa-Langa. Dariyar da suka yi wa wannan daban take da ta farko, sun san kowane motsi, sun san lokacin da kaye ke zuwa.

Ɗan fada, Kara-Kara

Baba, Allah ya ƙara girma, ban taɓa jin sunansa ba sai yau. Mu a fada, majalisarmu ta samari, muka kalla muna jiran shayi na biyu, gardama ta kaure kan ko jaririn ya fi ƴan tauri. Wani ya ce ɗan tauri wuƙa kaɗai ya gagara, wannan kuwa ga layar zana ga tsarin wuta duk a jiki ɗaya. Abin da ya tsaya mini shi ne, kalmomin da muka yi gardamar da su duk namu ne: tauri, baduhu, layar zana, sagau. Akwai yaro a cikinmu da ke zane a bayan kwalin sukari, ya zana ɗan tauri da wuƙa tana lanƙwashewa a cikinsa, kowa ya karɓa ya duba. Zan nuna masa kwaɗin nan yau da dare.

Ƴar jami'a, babbar ɗiya a gidanmu

Inna, ki gaya wa ƴarki ni ma tambayar da na yi ke nan. Ƙannena biyar na goya. Akwai tabo a hannuna na dama, na ranar da na tare tukunyar koko da na biyun ya jawo, ina shekara 9. Shi bai ma san an yi ba, yanzu ya fi ni tsawo. Da na kai wurin da aka goge wa yarinyar tunani sai da na ajiye wayar na ɗan fita waje.

Uwar ƴaƴa huɗu, Birni

Na karanta mata saƙonki, ƴata, ta ce in tambaye ki ko tabon yana ciwo har yanzu. Yau da safe na karɓi autan na goya shi da kaina har ta gama shirin lakwal, na ce mata sannu da ƙoƙari, na gode. Kunya ta kama ta, ta rufe fuska da hijabi ta fita da gudu. Malam, ko za ka faɗa mini yadda ake rubuta sunan fim ɗin kwaɗin da Baba ya ambata? Ƙanena zai zo ranar Lahadi, ina so ya sauke mana shi.