Wai da gaske a Beljiyam dila ba ya karɓar tsabar kuɗi?

Ɗan Fagge:
Salam jama'a, masu harkar motoci ku taimaka don Allah. Wata mai zuwa in sha Allahu zan je Brussels karo na farko, da daga Kwatano nake saro motoci amma yanzu ina so in je tushe da kaina. Yayana ya ce in je Wapa in canza kuɗin duka zuwa Yuro in ƙulle a jaka, sai wani abokina ya ce wai ko na kai tsaba ba dilan da zai taɓa ta. Wanne ne gaskiya?

Mai Gareji:
Wa alaikumus salam. Abokinka ya fi yayanka gaskiya. A Beljiyam in kana sayen kaya a hannun ɗan kasuwa, abin da za ka iya ba shi a hannu bai wuce Yuro 3,000 ba, sauran dole ta banki, kuma tara ba mai sayarwa kaɗai take hawa ba, kai ma da ka biya tana iya hawa kanka. Ni na gani da idona a unguwar Heyvaert inda 'yan Afirka ke cika wajen motoci, wani bawan Allah ya zazzage ƴan ɗari-ɗari a kan tebur yana lissafi yana lasar yatsa, dilan ya tura masa abinsa ya miƙo masa takarda mai lambar akawun, ya ce sai kuɗi sun shigo zai ba da makulli. Kwana uku yana zaman otal yana jiran tiransifa.

Sannan kar ka manta, in ka shiga Turai da Yuro 10,000 ko fiye sai ka bayyana wa kwastam a filin jirgi, in ba haka ba suna iya riƙewa.

Hajiya Mai Atamfa:
Ƙanena kowace ƙasa da nata fa. Faransa Yuro 1,000 ne ga mazauna ƙasar, baƙo kuma an ɗaga masa, Italiya 5,000, Girka 500 kacal. Jamus kuwa ba ta da iyaka har yanzu, su Jamusawa akwai son tsaba kamar mu, amma ita ma daga Yulin 2027 dokar Tarayyar Turai za ta sa iyakar 10,000 a ko'ina. Cinikin mutum da mutum wanda ba sana'a ba bai shiga cikin wannan dokar ta Tarayyar ba.

Baban Walid:
Ni abin nan ba ya min daɗi wallahi, kuɗinka halak ɗinka amma sai an san inda ka kai kowane kwabo, wai don a kama masu safarar kuɗin haram, su kuwa manyan ɓarayin ai ba a jakar Ghana must go suke yawo da nasu yanzu ba. Mun ga yadda aka sha a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, mai POS ya zama sarki.

Mai Gareji:
Baban Walid ai mu ma a Najeriya muna da irinta, dokar 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsaba sama da naira miliyan 5, kamfani miliyan 10, sai ta banki, kawai ba a cika bi ba ne. Ɗan Fagge kai dai ka je bankinka tun yanzu ka tambayi yadda za ka tura, kuma ka karɓi rasit na kowace mota.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Bari in kira yaya kafin ya wuce Wapa.